Yadda zaka gyara wayar TV ta tsohuwar Sega da sauran gem ɗin da

Duk wanda ya zaƙulo tsohon gem daga ƙarƙashin gado ko ya tsinto shi wajen masu kayan Belgium ya san wannan ciwon kan. Ka jona adafta ka danna, jar fitila ta kawo, amma talabijin baƙi ƙirin, ko kuma hoton ya zo ya ɗauke ya zo ya ɗauke, sai ka lanƙwasa wayar ta wani gefe ka danne ta da takalmi sannan hoton wasan Sonic ya fito, da yaro ya gifta ya ɗan taɓa ta shikenan an koma gidan jiya. Anan mutane da yawa suke yanke hukunci wai gem ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau, wayar ce ta gaji. Ai dole ma ta gaji, Sega Mega Drive a 1988 ta fito a Japan, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, Turai kuma 1990, kaga ko wayar da ta zo da na ƙarshe-ƙarshensu ta ba shekara 25 baya, ta sha naɗi ta sha fizga ta sha zafin ɗaki har robar ta bushe, wani lokacin ma ɓera ya sa mata baki.

Kafin ka ɗauko reza, fara duba ko wayar taka ta cancanci wahalar gyara ma. Idan Family game ne, mai kaset ɗin nan, kuma a bayansa akwai ramuka biyu na hoto da sauti, toh kar ka ɓata lokacinka, duk wayar DVD ko ta dikoda mai kai rawaya da fari da ja zata yi maka, ka saya kawai. Idan PS1 ce, wayar PS2 da ta PS3 duk kansu ɗaya ne da nata, suna shiga kuma suna aiki, ita ma ba wuyar samu take ba. Super Nintendo da Nintendo 64 da GameCube suma bakin raminsu ɗaya. Inda gyara yake da riba sosai shine Sega, don kanta daban yake kuma ba ko ina ake samu ba, sai kuma Atari 2600 irin na farko wanda wayarsa daga cikin cikinsa take fitowa. Akan Sega zan fi tsayawa, amma hannun aikin duk ɗaya ne.

Ita Segar ma iri biyu ce da aka fi gani. Ta farko babba ce, tana da ramin iyafis a gaba da abun ƙara sauti da ake turawa sama da ƙasa, a bayanta akwai babban rami zagayayye mai huji 8, yawancinsu kuma da ƙaramin ramin eriya a kusa da shi. Ta biyu, Mega Drive 2, ƙarama ce kusan murabba'i, raminta ƙarami mai huji 9. Wayar wannan bata shiga waccan, kar ka tura da ƙarfi. Adaftarsu ma ba ɗaya bace, ta farkon tsakiyar kanta negatif ne, ta biyun fozitif, don haka kar ka ce ai duk Sega ce.

Akwai matsalolin da suke kama da na waya amma ba ita bace, gara ka kore su tun yanzu kar ka yanka lafiyayyar waya a banza. Idan hoto ya fito tas baya rawa amma baƙi da fari ne babu kala, ko yana ta gudu sama, wannan yawanci gem ɗin na Amurka ne ko Japan mai tsarin kala NTSC, talabijin ɗin kuma tsarin PAL kaɗai ta sani, sai ka shiga menu ka maida tsarin kala Auto ko ka gwada wata TV. Idan allo baƙi ne babu hoto babu sauti kuma komai ka yi wa wayar babu ko ƙyaftawa, goge haƙoran kaset da auduga da sifirit tukunna, datti yana yin haka sosai. 'Yan'uwa na Nijar kuma ku lura, Mega Drive da aka yi wa kasuwar Faransa an yi ta ne don wayar Péritel mai faffaɗan kai, bata da ramin eriya, don haka in irinta ce a hannunka nemi wayarta ta asali kar ka dogara da mai kai rawaya. Sannan in adaftar ta 110 ce ta Amurka kar ka kuskura ka cusa ta a soket ɗinmu na 230 sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi zaka gani.

Alamar waya kuwa a fili take: hoto ko sauti yana canzawa idan ka motsa ta. Shine gwajin farko kuma ba sai da kayan aiki ba. Kunna gem, sa kaset ɗin da ka tabbatar yana yi, ka riƙe kan da yake jikin TV da hannu ɗaya kar ya motsa, ɗaya hannun ka fara lanƙwasa wayar a hankali tun daga wuyan kan, kana matsawa kamar faɗin yatsu uku uku har ka kai ɗaya ƙarshen, idonka akan allo. Inda hoton ya ƙyafta ko sauti ya yi ƙarar karce, ɗaura ɗan zare ko ka manna salatif a wajen. Mafi yawan lokaci a wuya zaka same shi, dab da inda waya ta shiga cikin kai, don nan ne yake shan lanƙwasa kuma mutane basa kama kai su zare, wayar suke fizgowa. Ka kuma bi jikinta da yatsa, in ka ji wani waje ya yi laushi ko ya baje kamar ƙafar kujera ta taka shi, ko ka ga sawun haƙori, nan ma abun zargi ne. Amma fa in hoton yana ɗaukewa ne kawai lokacin da ka girgiza kan a cikin ramin gem, wayar kuma bata cewa komai, toh ramin ne dalmarsa ta tsage a jikin allon lantarkin da ke cikin gem ɗin, zan zo kansa can ƙasa.

Kayan aiki ba masu yawa bane, duk zaka samu wajen masu sayar da kayan rediyo, a Kano in ka shiga Sabon Gari an gama. Ayon ɗin solda mai wat 30 zuwa 40 mai siririn baki, dalma siririya ta kayan lantarki irin 60/40 mai mai a cikinta, ɗan man solda, sabuwar reza, filaya, mitar awon wuta, laita, baƙin salatif, da robar nan da take tsukewa in ta ji zafi, ka sayi siririya da mai ɗan kauri. Sai sabon kai na RCA, wato irin kan nan rawaya ko fari ko ja, amma wanda ake kwancewa, na ƙarfe ya fi, ko kuma wata tsohuwar wayar DVD mai kyau da zaka yanka ka ari kanta. Kar ka yi amfani da ruwan batir ko man da masu liƙin bokiti da radiyeto suke sawa, asid ne, yau zai kama maka da kyau bayan wata biyu ka tarar wayar ta zama kore ta rube.

Yanzu zare wayar gaba ɗaya daga TV da gem, duka ɓangarorin biyu. Ba a yin solda waya na jone, ƙananan ayon ɗin nan masu arha wasu suna yoyon wuta a bakinsu, zasu iya kashe maka abun da ya fi wayar tsada.

Ya kamata ka san me ke cikinta kafin ka yanka. Kowace ɗaya daga cikin wayoyin nan, rawaya ko fari ko ja, hawa huɗu ce: robar waje, sai siraran zaren jan ƙarfe da suka kewaye ta, sai wata roba a ciki, sai wayar tsakiya. Kamar karan dawa dai, ɓawo a waje totuwa a ciki. Ta tsakiyar ita ke ɗauke da hoto ko sauti, zaren da ya kewaye ta kuma shine at, wato earth, shi yake kare ta daga hayaniyar wuta, kuma shi yake tafiya jikin zoben waje na kan RCA. Duk aikin nan da zamu yi akan abu biyu yake tsaye, kowace ta isa inda zata ba tare da yankewa ba, kuma su biyun kar su taɓa juna ko da sili ɗaya ne. Sili ɗaya tak in ya kwanta akan ta tsakiya hoto ya tafi gaba ɗaya, don siginar hoton duka-duka kusan bolt 1 ce.

Juya mita zuwa wajen da take tsuwa, ka haɗa tsinkayenta biyu ka ji ta yi ƙara don ka san tana aiki. Ɗora tsinke ɗaya akan fil ɗin tsakiyar kai rawaya, ɗayan ka bi fil-fil ɗin kan Sega ɗaya bayan ɗaya har ka ji tsuwa. Zana zagaye a takarda ka sa alama, wannan na rawaya ne. Yi haka wa fari, da ja in akwai, sannan zoben waje. Wannan takardar ka adana ta, ta fi duk wani zane da zaka gani a intanet amfani, musamman in Segar taka ta kwaikwayo ce irin waɗanda suka cika kasuwa a da, don ba lallai jerin fil ɗinsu ya zo ɗaya da na asali ba. Wadda ka bi duk fil ɗin bata yi tsuwa ba, ita ce ta yanke. Wadda take tsuwa tana ɗaukewa in ka motsa wajen da ka sa alama, ta kusa yankewa. Daga nan sa tsinke ɗaya a fil ɗin tsakiya ɗaya a zoben waje na kai guda, nan shiru ake so, in ta yi tsuwa toh sun haɗe a wani waje. Abu ɗaya dai, wayar Super Nintendo ta Turai akwai rezisto mai om 75 a cikin kanta tsakanin hoto da at, in ka ga mita ta nuna 75 a wannan ba matsala bace haka aka yi ta, kuma in zaka gyara ta kar ka yar da shi. Wanda bashi da mita zai iya haɗa batir ɗin tocila da ƙaramin ƙwai ya yi gwajin da su, in ƙwai ya kama wayar bata yanke ba.

Mu fara da wanda ya fi yawa, yankewa a wuyan kan RCA. Kawunan da suka zo da wayar narkakkiyar roba aka zuba musu, basa buɗuwa, kar ka wahalar da kanka. Yanke kan ka yar, ka haɗa da kamar santimita 4 ko 5 na wayar bayan inda ka sa alama, don lalacewar tana ɗan shiga ciki fiye da inda ido yake gani. Kwance sabon kan, ka fara zura murfinsa a jikin wayar tun yanzu, bakin zaren yana kallon inda ka yanke, ka bi shi da guntun robar tsukewa. Wannan shine abun da kowa yake mantawa sai ya gama liƙi mai kyau ya waiga ya ga murfi a ƙasa yana kallonsa.

Feɗe robar waje kamar santimita ɗaya da rabi. Yadda ake yi, ka ɗora reza ka zagaya a hankali ba tare da dannawa ba, sannan ka lanƙwasa wajen, robar zata tsage da kanta sai ka zare da farce. In ka danna reza zaka yanke zaren at ɗin, su kuma dama ba yawa gare su ba. Tattara zaren duka gefe ɗaya ka murza su su zama igiya ɗaya, ka ɗaga wayar saitin haske ka duba ko akwai silin da ya ɓalle, in akwai ka haɗa shi ko ka datse shi daga tushe. Sai robar ciki, ita milimita 3 ko 4 kawai zaka feɗe, kar ka yi mata tsirara da yawa. Murza ta tsakiyar ita ma.

In ka ga jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore, dalma bazata kama shi ba, ƙara yankewa gaba har ka iso inda yake sheƙi. In duk tsawon wayar haka take toh ta gama yayi, ka ajiye kan Segar kawai ka canza wayar gaba ɗaya.

Yanzu ka shayar da kowane baki dalma kafin ka haɗa. Ɗan taɓa man solda, ɗora bakin ayon a ƙarƙashin wayar, ka kawo dalma ta sama ta narke ta shige cikin zaren, sakan biyu ya isa. Ba akan ayon ake narka dalma a ɗauko a shafa ba, wayar ake zafafawa ita ta sha da kanta. Haka zaka yi wa ɗan kwamin da ke bayan fil ɗin sabon kai da kuma dogon harshen ƙarfen da ke gefensa. Don kan ya tsaya maka, kama shi da filaya ka ɗaure hannun filayar da kyauro. Sa ta tsakiya cikin kwamin, taɓa ayon, dalmomin biyu su narke su zama ɗaya, ɗauke ayon ka riƙe hannunka cak har ta daskare, kar ka hura mata iska. Liƙi mai kyau sumul yake yana ƙyalli, wanda ya yi dunƙule ya yi fari-fari kamar toka bai kama ba, sake shi. Robar ciki tana saurin narkewa, in ka daɗe da ayon zata ja baya ta bar wayar a buɗe, shi yasa ake shayar da su tun farko don haɗin ya zama na ɗan taɓawa kawai. Sannan liƙa igiyar at a jikin dogon harshen, ka datse rarar.

A ƙarshen harshen nan akwai 'yan kunnuwa biyu. Bari ya huce, sai ka matse su da filaya akan robar waje ta wayar, ba akan zaren ba. Su ne suke ɗaukar nauyin fizga, in babu su liƙinka bazai yi sati ba. Amma kar ka matse har su huda robar. Gwada da mita kafin ka rufe: tsakiya zuwa fil ɗinta tsuwa, zobe zuwa at tsuwa, tsakiya da zobe shiru. Ɗaura murfi ka sake gwadawa, don wani lokacin murfin ƙarfe ne yake danne wani sili ya haɗa su.

In baka samu sabon kai ba, ko kuma a tsakiya ɓera ya ci, sai ƙari. Yanke wajen da ya lalace gaba ɗaya, ko ka yanko kai daga wayar DVD da jelarsa kamar taƙi ɗaya. Amma duba wayar aron da kyau, na yanzu masu arha da yawa ba jan ƙarfe bane zalla, fenti ne akan alminiyom ko baƙin ƙarfe, sili huɗu biyar ne a ciki. Kara mata maganaɗisu, in ya kama ta baƙin ƙarfe ce, ka kuma sa wa sili ɗaya laita, in ya lanƙwashe ya narke nan take alminiyom ne, dalma bata son sa. Tsofaffin wayoyin bidiyo masu kauri sun fi.

In wayoyi biyu ko uku ne manne da juna, tsaga su ka raba kamar santimita 10, kuma kar ka yi ƙarin duka a waje ɗaya, ka saɓa su, wannan nan wancan gaba kaɗan, don kar su taru su yi ƙulli kuma ko salatif ya saki bazasu haɗu ba. Zura robar tsukewa mai kauri a gefe ɗaya ka tura ta can nesa da zafi. Feɗe ɓangarorin biyu, kwantar da zaren at baya, zura siririyar roba a ɗaya daga cikin na tsakiyar. Haɗa na tsakiya baki da baki a miƙe, ɗaya kwance akan ɗaya, ka liƙe, kar ka murɗe su su miƙe tsaye irin haɗin wayar fitila. Jawo siririyar roba ta rufe haɗin har ta hau robar ciki ta kowane gefe, ka bi ta da laita daga ɗan nesa kana juyawa, gefen harshen wutar ba tsakiyarsa ba. In babu robar, baƙin salatif zagaye uku a matse. Sai ka dawo da zaren at na ɓangarorin biyu su haɗu a saman wannan rufin ka liƙe su da sauri. Wasu suna barin at ɗin basa haɗawa wai ai tsakiya ce mai aiki, shine zaka ji TV tana ƙugi hoto yana layi-layi yana karkacewa. Jawo babbar robar ta rufe komai ka tsuke ta. Iya ƙoƙarinka haɗin ya zama gajere, duk inda ta tsakiya ta fita daga cikin zarenta ƙofa ce ta hayaniya.

Toh in a wuyan kan Sega ne fa? Na Mega Drive ta farko da sauƙi, babba ne. Wasu ana buɗe su, akwai ɗan harshe da zaka danna da bakin sukundireba ka ja rigar robar baya, ƙarfe biyu su rabu, ka ga bayan fil ɗin. Ɗauki hoto da wayar salularka kafin ka taɓa komai. In narkakke ne sai ka nemi sabon kai na DIN, sunan irin wannan zagayayyen kan mai fil-fil kenan, kuma ga wani sauƙi: mai fil 5 irin na tsofaffin rediyo da amfilifaya, wanda fil ɗinsa suka yi rabin da'ira, yana shiga ramin kuma ya isa hoto da sauti. Mai fil 8 kuwa iri biyu ne, na Sega jerinsa kamar harafin U yake, ɗayan mai zagaye sosai baya shiga. A Sega ta asali, fil ɗin da yake tsakiya daura da ɗan tsagin kan shine at, biyun da suke ƙarshen rabin da'irar hagu da dama ɗaya hoto ɗaya sauti. In ka juya su babu abun da zai ƙone, zaka ji TV tana zuuu babu hoto, sai ka musanya rawaya da fari. Wanda zaka kiyaye shine maƙwabcin at, ɗaya daga cikin biyun da suke gefensa yana ɗauke da bolt 5, in dalma ta zubo ta haɗa shi da at zaka iya ƙona abun daidaita wutar gem ɗin. Ka tuna kuma idan kana kallon kan ta baya wajen liƙi, hagu ya koma dama, anan takardar nan taka zata cece ka. Zaren at na rawaya da na fari ka murza su tare su tafi fil ɗaya. Kar ka wuce sakan uku akan kowane fil, robar da ta riƙe su tana narkewa fil ya karkace. Sauti ɗaya ne yake fita ta bayan wannan Segar, in kana son na kunne biyu sai ta ramin iyafis na gaba.

Na Mega Drive 2 kuwa gaskiya ban ba sabon hannu shawarar ya shiga cikinsa ba, fil ɗin ƙanana ne a cushe. In akwai ko santimita 3 na lafiyayyar waya a jikin kan, yi ƙari a nan. In babu, yanka robar wuyan a hankali da reza har ka tono wayoyin, ka yi ƙarin, ka cike wajen da gam ɗin kyandir sannan roba ta bi sama. Fil da ya lanƙwashe a miƙe shi da matsefata sau ɗaya a hankali, in ka yi ta kai shi da kawo shi karyewa zai yi.

Ramin da dalmarsa ta tsage kuma, cire adafta, kwance kusoshin ƙasan gem, ɗaga murfi a hankali don a ta farkon wayar jar fitila tana manne da murfin. Cire garkuwar ƙarfe da allon, juya shi, zaka ga ƙafafun ramin, wanda ya tsage zaka ga siririn zobe ya kewaye ƙafar. Taɓa mai, taɓa ayon da 'yar sabuwar dalma, shikenan. Sega wutarta kaɗan ce tunda adafta ce a waje. PS1 mai toka babba kuwa wutar gida ce take shiga cikinta kai tsaye, in baka saba ba kar ka buɗe. Ita kuma talabijin mai ƙeya ko da wasa kar ka kwance bayanta, tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket.

Saura wayar eriya. Ita ce mai kai ɗaya RCA ɗaya kuma irin na eriyar TV, hoto da sauti duk a waya ɗaya suke tafiya, kuma ta fi ta rawaya tsiwa, haɗin da bai yi kyau ba yayyafi zai cika allo. Ita ban son ƙari a tsakiya, in dole ne ka naɗe haɗin da takardar alminiyom ta taɓa zaren ɓangarorin biyu kafin ka rufe, amma canza ta dungurungum ya fi. Nemi waya mai om 75, RG-59. Ta dish, RG-6, ita ma 75 ce amma tana da tauri kuma ragarta yawanci alminiyom ce bata karɓar dalma, sai dai ka murza mata kan dish a kowane gefe ka sayi 'yan adaftocin da suke maida shi RCA da na eriya. Kan eriya na kwancewa ba sai da solda ba, ta tsakiya tana shiga ƙarƙashin ɗan ƙaramin sukuru, ragar kuma ka kifa ta baya akan robar waje, faratan ƙarfen nan su kama ta, ka leƙa ka tabbatar babu sili a kusa da sukurun.

Atari 2600 da ya fito a 1977, mai gaba kalar katako ɗin nan, kallon farko zaka ɗauka wayarsa a liƙe take a ciki, amma in ka kwance kusoshin ƙasa ka buɗe zaka tarar kan RCA ne kawai aka cusa a rami a jikin allo. Lura da hanyar da tsohuwar ta bi kafin ta fita waje, zare ta, sa sabuwa mai gajeren kai don murfi ya rufu, ka bi da ita ta hanyar nan dai, ka ɗaura mata kebul tai ta ciki dab da hujin fita yadda in an ja daga waje bazai kai ga allon ba.

Bayan ka gama, ta eriya sai an nemo tasha. Gem ɗin Turai yawanci a tasha 36 ta UHF suke fitowa, Sega ta Amurka a 3 ko 4 da ɗan makunnin zaɓi a baya. Gem yana kunne da kaset a ciki zaka sa TV ta yi bincike, kuma a ɓangaren analog, don in ka bar ta a dijital har gobe bazata gani ba. In hoto ya fito amma sautin shuuu ne kawai, ba wayarka bace, gem ɗin Ingila tsarin sautinsa I ne, sauran yawancin Turai BG, shiga menu wajen tsarin sauti ka canza tsakanin su biyun. In Segar taka tana da ramuka biyun duka, ka bar eriya ka koma mai kai rawaya, hotonta ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Gwajin ƙarshe shine na farkon nan, gem a kunne ka bi wayar kana lanƙwasawa, musamman wajen da ka gyara, ka ɗan ja kan a hankali. In babu ƙyaftawa ka bar shi a kunne kamar minti 20 ka sake gwadawa, wani liƙin sai ya ɗumama yake nuna halinsa. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci tunda ka taɓa dalma, ka share guntayen silin da suka zuba kar su shiga ramin kaset. Wajen ajiya kuma a daina naɗe waya a jikin gem kai yana cikin rami, zare ta ka naɗa ta zagaye mai faɗin tafin hannu ka ɗaure da kyauro.